Takardar Asibitina A Kwamfutar Ofis

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin taki da iri da nake wa aiki, babban ofis, Gusau.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan hidimar damina tana tafiya yadda ake so.

Ni ne mai kula da sitonku na Tsafe. Na rubuto a fili ne don duk takardar da na miƙa ta ofis, cikin kwamfutar da nake kuka da ita za ta kwana, direbobi su riga ka karantawa. Sunan ciwona kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. An faɗe shi a lasifika sau ɗaya, ya isa haka.

Na farko, yadda abin ya faru. Gab da fara rabon takin bana jiki ya matsa mini, na je asibiti a Gusau aka yi gwaji. Likita ya ce an gano abin da wuri, in na riƙe magani zan ci gaba da aikina lafiya lau. Dokar kamfani ce duk wanda ya yi fashin aiki ya kawo takardar asibiti, na kawo. Akawunmu, Malam Isiyaku, ya ɗauki hotonta ya saka a kwamfuta. Shi kuwa yana da wata al'ada: kowace takarda yakan raɗa mata suna da abin da ke cikinta, wai don kada ta ɓace masa. Sai ga sunana da sunan ciwona jere a fuskar kwamfuta, ko buɗewa ba sai an yi ba.

Na biyu, ita kwamfutar. Ranka ya daɗe, ka taɓa zama ka kalli hidimar da take yi a yini? Da ita ake buga katin biki da na suna. A jikinta direbobi ke cajin waya suna kwasar karatun malamai. Lambar sirrinta a manne take a bango, da babban baƙi, don kada mai raunin ido ya wahala. Randar bakin masallaci ma ta fi ta tsaro, don ita tana da murfi.

Na uku shi ne ya fi ci mini rai. Ka san al'adarmu a sito, in wani ba shi da lafiya akan gaya wa liman, bayan Azahar a yi masa addu'a. Ranar da na koma aiki ina sahu na biyu, na ji liman ya kira sunana da na mahaifina, ya faɗi ciwon, ya ce a sa ni a addu'a. Lasifika a kunne, 'yan dako da direbobi da manoman da suka zo sayen iri duk suka shafa. Ni ma na shafa, don ban san inda zan sa hannuna ba. Da na tari Malam Isiyaku sai ya ware ido ya ce, “Mi niy yi na laihi, Malam? Addu'a nis sa aka yi maka, ba zagi ba.” Na yarda bai yi da mugun nufi ba, liman ma haka. Amma ba wanda ya tambaye ni. Tun ranar kowa ke tare ni da sunan wani mai magani, wasu kuma sun fara gaishe ni da muryar da ake gaisuwar ta'aziyya.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya hana ni zama wuri ɗaya shi ne Inna. Mahaifiyata tana Karakkai, ta tsufa, ga hawan jini. Wannan ciwon shi ya ɗauke yayana, ita ta yi jinyarsa har ya cika a hannunta. A wurinta sunan ciwon da mutuwa abu ɗaya ne. Niyyata sai na murmure, fuskata ta ciko, in je in zauna gabanta ta gan ni ina cin tuwo, sannan in gaya mata a hankali tare da abin da likita ya ce. Yanzu direbobin da suka shafa addu'ar nan su ne ke kai taki sitonmu na Bungudu, can kuma mutanen garinmu ke saye. Duk motar da na loda ta fita, sai in bi ta da ido ina tunanin ko ita ce za ta kai labarin. Waya in ta yi ƙara sai in yi maza in duba ko daga gida ne. Buhun da na ƙirga sai in koma in sake, don hankalina ba ya wajen.

Ga roƙona. A cire takardata daga wannan kwamfuta yau, har da ta sauran ma'aikata, don na ga sunayen wasu a jere da nawa, ciki har da mata, kuma na tabbata ba su sani ba. A daina neman sakamakon gwaji. Likita ya rubuta cewa mutum na buƙatar hutu, ya wadatar. Abin da ya zama dole a ajiye, a ajiye shi inda mutum ɗaya ke da mabuɗi, a kuma san wanda za a tuhuma in ya fita. Sannan a gaya wa kowa, daga akawu har liman, ba a kai ciwon mutum masallaci sai da izininsa. Ba na neman a kori Malam Isiyaku. Tsarin da ya tarar ya bi, tsarin kuma naku ne.

Ina kuma neman izinin tafiya gida gobe. Ɗazu da hantsi ƙanwata ta kira ni, ta ce, “Inna ta ce ka taho, tana son ta gan ka da idonta.” Na tambaye ta ko lafiya, ta ce ita ma ba ta sani ba, amma tun jiya Inna ba ta taɓa abinci ba. Zan tafi da ramata yadda nake, ban san ko labari zan kai mata ko haƙuri zan je ba ta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri kai da zuriyarka, ya sa duk abin da za ka gaya wa mahaifiyarka daga bakinka za ta fara ji.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
mai kula da siton Tsafe.