Talatu Ta Ƙi Yin Tatsuniya

Zuwa ga Gwaggo Rabi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon ƙafar? Yaya Baba Sale da yara, da zaman Ibadan? Mu nan Jibiya sai godiya, kasuwa dai ta mutu.

Gwaggo, na fara taimaka wa Malama Asabe ranar Asabar, inda take koya wa yaran da suka gudo daga ƙauyuka rubuta labari. Ni ke raba fensir, ina zama da masu jin kunya irina.

Akwai wata yarinya, Talatu, daga wajen Mazanya. Makon jiya Malama ta ce kowa ya rubuta tatsuniyar da ya sani. Talatu ta ajiye fensir. Na matsa kusa na tambaye ta, sai ta ce, “Yaya, ba a tatsuniya da rana. Kakata ta ce wani naka zai ɓata. Ni na yi wa ƙanena a gona, washegari masu bindiga suka tafi da innarmu.”

Na dai riƙe hannunta har aka tashi. Wannan Asabar ba ta zo ba, na ajiye mata fensirinta.

Ke kika iya magana da yara, Gwaggo. Me zan ce mata ta yarda ba ita ta jawo ba? Ina so in je gidan da suka sauka, amma ina tsoron in ƙara mata ciwo.

Ki sa ta a addu'a, ita da innarta. Inna na gaishe ki. A gaida Baba Sale.

'Yarki,
Hafsatu