Na tsaga kunnen shanu da maganin da ya lalace

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma wanda zai zage ni ya karanta har ƙarshe tukuna, domin na riga shi zagin kaina.

Ni ɗan Nijar ne, an turo ni nan Dahomey koyon aikin likitan dabbobi, wata goma ke nan. Ina haya a Banikanni cikin Parakou, amma rabin rayuwata a kan hanyar Djougou take. Duk Litinin sai in hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, a cusa ni tsakanin buhunan doya da awaki, akwatin ƙanƙara a kan cinyata da kwalaben allurar bushiya a ciki, wannan annobar da ke share garke. In sauka kamar an yi mini duka, in ci sakwarar da har yau cikina bai yarda da ita ba, in ji ana Dendi da Barbanci a kaina, in yi murmushi ban san me aka ce ba. Wallahi na gaji, gajiyar da barci ba ya ɗaukewa.

A Djougou wani Alhaji nake sauka wurinsa, jikan fataken goro, dillalin shanu ne da Fulani ke jin maganarsa. Bai haɗa komai da ni ba, amma ɗaki ya ba ni, yana tsokanata da “Likita ƙarami”. Shi ya yi mako uku yana bin wani Arɗo na wajen Kolokondé wanda ya rantse allurar gwamnati ba za ta taɓa shanunsa ba. A gabana ya ce masa, “Arɗo, wanga yaro ɗana ne. In ya cuce ka, ni na cuce ka.” Da haka Arɗo ya yarda aka sa rana.

Ana gobe ranar, motarmu ta lalace a tsakiyar hanya tun hantsi. Na yi ta roƙon direba ya hanzarta, yana ƙarƙashin mota yana ce mini, “Patience, mon frère, yanzu-yanzu.” Yanzu-yanzun nan sai bayan la'asar. Da na buɗe akwati, babu ƙanƙara, ruwa ne mai ɗumi kwalabe na iyo a ciki. Abin da aka fara koya mana ke nan: maganin nan in ya sha zafi ya mutu, a zubar, a koma a ɗauko wani. To in koma ina? In sake wuni a hanyar nan zuwa Parakou, in tsaya gaban shef ɗinmu, shugaban aikinmu, wanda ya taɓa tsinka ni gaban mutane kan kwalba ɗaya da na fasa, har yana cewa baƙi ba su iya komai ba? In ce wa Arɗo, wanda ya koro shanunsa tafiyar kwana biyu, ya juya ya dawo wani makon? Zai dawo kuwa? Na rufe akwatin na ce wa raina wataƙila bai lalace duka ba. Na san ƙarya nake yi.

Washegari na yi allurar. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, amma a aikinmu duk saniyar da aka yi wa, sai a tsaga mata kunne, alamar da ke nuna an gama da ita, duk ma'aikacin da ya zo daga baya wuce ta zai yi. Ni da hannuna na bi garken nan ina tsagawa, har 'yan maruƙa. Arɗo ya kama hannuna biyu ya ce, “Likita, Allah shi biya ka, yanzu hankalina ya kwanta.” Matarsa ta kawo mini man shanu cike da ƙwarya. Yana nan a ɗakina har yau, na kasa ci, na kasa bayarwa.

Wata biyu ina ɗauke da wannan. Alhaji kuwa duk Bafulatanin da ya zo kasuwa sai ya nuna ni ya ce, “Ga wanda ya yi ma Arɗo aiki.” Ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce ta tarbiyya.

Yanzu an ce cutar ta ɓulla ta arewa. An tura mu zagaye na biyu, amma umarnin shi ne shanun da ba su da tsaga kaɗai za a yi wa, don maganin bai da yawa. Na gwada ce wa shef a sake yi wa na Kolokondé, ya dube ni ya ce, “Pourquoi? Ba kai ka yi ba?” Idan na faɗi gaskiya, korata za a yi saura mako shida in karɓi takardar gama koyon aiki, in koma gida hannu biyu, ga mahaifina da ya gama gaya wa duk gari ɗansa likita ne. Kuma da wane ido zan dubi Alhaji, mutumin da ya jingina mutuncinsa a kaina? Idan Fulani suka ji, ba ni kaɗai za su daina yarda da shi ba, har allurar kanta.

Shekaranjiya Arɗo ya shigo Djougou sayen gishiri. Na ji Alhaji na ce masa ya dakata da tafiya kiwon rani, tunda ana maganar ciwo a can inda zai nufa. Ya yi dariya ya ce, “Masu tsoro su zamna, Alhaji. Nawa duk da tsaga ga kunne. Ran Asabar muna tashi.” Ina zaune a kan tabarma ɗaya da su yana faɗin haka.

Yau Laraba. Jama'a, don girman Allah, me zan yi kafin Asabar?