Motar Baba Ta Ƙi Tashi

Daren Laraba, Unguwar Kilomita Biyar

Tun rasuwar Baba sai yau na iya buɗe motarsa. Asibiti nake so in kai Inna, ƙafarta ba ta barin ta hau babur. Na murɗa makulli, injin ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa.

Na kirawo Idi bakanike daga unguwar Yakite. Ya gwada batir, lafiya lau. Ya ciro buji, wato fulogi, ya goge, ya shinshina man ko na kwalba ne mai ruwa. Tun hantsi har la'asar muna fama. Ƙarshe ya ce wuta ce ba ta zuwa, in haƙura in sayar wa masu tsohon ƙarfe. Na ɗaga masa murya, kuma ban kyauta ba.

Inna na kan tabarma tana jin mu. Da ya tafi ta ce, "Ɗan nan, sa hannu ƙarƙashin kujerar babanka."

Sai na taɓo wani ɗan makunni naɗe da tsumma. Ashe lokacin rikici Baba ya sa aka haɗa shi, don in masu bindiga sun zo su tarar da matacciyar mota. Ƙura ta lafa, amma bai taɓa kwana bai kashe shi ba.

Na danna, ta tashi bugu ɗaya. Na kasa murna. Yatsansa ne na ƙarshe a wurin, yau nawa ya hau kai. Allah ya jiƙansa.

Gobe asibiti. Bayan isha'i na fita na kashe makunnin.