Firiza Ɗaya, Gida Uku

Alhamis, 4 ga Afrilu, 2024
Yau maigida, Abban Fatihu, ya sayi katin wuta a waya kamar yadda ya saba. Da na danna lambobin a mita, abin da ya shiga bai kai sulusin wanda muka saba samu ba. Na ɗauka ni ce na yi kuskure. Ashe ƙarin kuɗi aka yi wa 'yan Band A, wai mu ne masu samun wuta awa ashirin a rana. Ni sai yau ma na san layinmu na nan Jikwoyi yana ciki. Ga azumi, ga zafi, ga firiza cike da zoɓo da ƙanƙarar da nake sayarwa. Allah Ka ba mu mafita.

Asabar, 6 ga Afrilu
Bayan shan ruwa Abban Fatihu ya ce, "Khaula, ko dai mu sayar da firizar nan? Ita ke cinye mu." Da gadon Baba na saye ta, kuma ita kaɗai ce sana'ata a garin nan. Ya ga fuskata, sai ya ce to, a bar zancen zuwa bayan Sallah. Na gode masa a zuci, a fili na kasa.

Litinin, 8 ga Afrilu
Na yi abin da ban taɓa yi ba: na tsaya gaban mita ina kallonta. Akwai ɗan jan haske da ke ƙiftawa. Na kashe komai na gidan, na riƙa kunnawa ɗai-ɗai. Fanka, a hankali yake ƙiftawa. Firiza, ya ɗan ƙara sauri. Da na jona hitar dafa ruwa kuwa sai ya kama rawa kamar an kaɗa masa kalangu. Dutsen guga ma haka. Wato ɓarayin suna cikin gida, mu muna ta zargin firiza baiwar Allah.
Hita ta koma kwali. Guga sau ɗaya a mako, ranar Lahadi, na kowa da kowa.

Laraba, 10 ga Afrilu
Sallah. Ƙanƙara ta ƙare tun kafin azahar. Alhamdu lillahi.

Litinin, 15 ga Afrilu
Na je ofishin kamfanin wuta. Wata ma'aikaciya, Nafeesa, ta zaunar da ni ta yi mini bayani ba tare da tsawa ba, Allah ya saka mata. Ta ce rukunin layi ake bi, ba na gida ba, don haka ba zan iya cewa a fitar da ni ni kaɗai ba. Amma in awannin da aka yi alkawari ba sa cika, unguwa na da haƙƙin kai ƙorafi. Ta tambaye ni inda firizar take. Na ce kusa da taga. Ta dafe kai. Wai rana na dukanta, tana ta wahalar sanyaya abin da rana ke dumamawa.
Mun ja ta zuwa lungu, mun bar mata fili tsakaninta da bango. Robar murfin ma ashe ta saki. An sauya.

Juma'a, 19 ga Afrilu
An samu sauƙi, amma azumi ya wuce, ciniki ya ja baya. Rabin firiza babu komai, kuma wutar da take sha ba ta san da haka ba. Abban Fatihu bai sake maganar ba. Shirun nasa ya fi maganar damuna.

Talata, 23 ga Afrilu
Maman Rita ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maƙwabciyarmu ce ta jikin katanga, Bagwariya, mai sayar da ɗanyen kifi a bakin titi. Shekara huɗu muna nan, iyakarmu ina kwana. Ni dai ba mai shiga gidajen mutane ba ce, kuma ba na son a shigo mini.
Ta ce, "Maman Fatihu, firiza naka yana da wuri? Nawa ya tsufa, yana shan wuta kamar rijiya. Na kashe shi. Mu haɗa, kowa ya sa hannu a kati."
Na ce sai na yi shawara da maigida. Gaskiyar magana, ƙarnin kifi nake tunani, da kuma ƙafar mutum a kicin ɗina kullum.

Laraba, 24 ga Afrilu
Abban Fatihu ya ce, "Ke da kike neman mafita, ta zo har ƙofa kina tambayarta daga ina take?" Na amince.

Laraba, 1 ga Mayu
Abin da nake gudu ya faru. Wata mai sayen zoɓo ta dawo da gora biyu, wai ƙarni. Kunya kamar ƙasa ta tsage. Na rasa yadda zan faɗa wa Maman Rita, sai ga shi ita ta fara ji a bakin titi. Da yamma ta shigo da robobi masu murfi guda biyu, sababbi, ta zauna a ƙasa ta wanke firizar tas da lemon tsami. "Laifi nawa ne," in ji ta. Na zuba mata tuwo. Ta ci, ta ce miyata ba yaji.

Lahadi, 12 ga Mayu
Mun zama uku. Hajjo, Bafulatanar da ke kawo mana kindirmo daga rugarsu ta hanyar Karshi, ta ce wanda ya yi kwantai tsami yake yi kafin gari ya waye. Yanzu tana barin ƙwarya biyu a nan. Nata hannun a kati, rabi kuɗi rabi kindirmo. Fatihu ya fara kumatu.
Mun yi doka: sau biyu ake buɗe firiza, safe da yamma. Hajjo ta ce ko shanu ma haka ake tatsarsu.

Litinin, 27 ga Mayu
Iskar ruwan jiya ta kayar da turken wuta a bakin layi. Babu wuta, ba a kuma san ranar dawowarta ba. Kifin Maman Rita na mako guda yana ciki, jarinta ke nan gaba ɗaya. Mun lulluɓe firizar da barguna, har da na aurena. Na ce ko wa ya zo neman ƙanƙara a ce babu, don ƙanƙarar ce za ta riƙe kifin. Maman Rita ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Ita tana addu'arta, ni ina tawa.

Laraba, 29 ga Mayu
An gyara da hantsi. Ni da Maman Rita muka ɗaga murfi tare. Kifi ƙam kamar dutse! Cikar da firizar ta yi ce ta riƙe sanyin. Maman Rita ta rungume ni har sai da ɗankwalina ya faɗi. Ban tuna rabon da wani ya rungume ni haka ba tun rasuwar Baba.

Litinin, 17 ga Yuni
Naman layya. Na raba uku na sa wa kowa nata a roba. Abban Fatihu ya tsaya yana kallon mita, ya ce, "Wai har yanzu katin farkon wata ne?" Na ce shi ne. Ya shafa murfin firizar kamar mai ba ta haƙuri. Na yi kamar ban gani ba.

Talata, 9 ga Yuli
Zacharias, babban ɗan Maman Rita da ke aiki a Sheda, ya zo da masu haɗa sola. Ya saya mata ƙaramar firiza sabuwa mai aiki da hasken rana. Na shiga na yi mata murna, kuma da gaske nake, ta sha wahala. Lissafinmu ma ba zai rushe ba, Hajjo ta ce wata 'yar'uwarta na neman wuri.
Kicin zai rabu da kifi da yawan shige da fice. Abin da nake so ke nan tun farko. To me ya hana ni cin abincin rana?

Asabar, 13 ga Yuli
Maman Rita ba ta shigo ba kwana uku. Gidan tsit. Na ƙara yaji a miya, ban san dalili ba.

Litinin, 15 ga Yuli
Da safe na ji ƙwanƙwasa. Ita ce, da roba ɗaya a kai. Wai sabuwar firizar ta yi mata kaɗan. Ranar da na je murna na leƙa cikinta da idona. Firizar za ta ɗauki irin wannan robar har uku.
Na matsar da zoɓona gefe.