Gadon Bayana Ya Zaɓi Agadir

Ya ke Nuhaila, sanyin idaniyata, na'a-na'ar shayina, ruwan farko mai sauka kan duwatsun garinmu Tetuwan, iskar teku a tsakar zafi! Gaisuwa gare ki daga wanda yake rubuta wannan takarda a tsaye, don jingina ta gagare shi.

Kin tuna ranar da mura ta kama ni, kika dafa mini hulba a gaban mahaifiyarki, na shanye kofi uku don kada a ce ni rago ne? Kwana huɗu ina warin hulba a kasuwar kifi, har abokan sana'ata suka ce gara ƙarnin sardin. Wallahi da kin miƙo na huɗu da na karɓa!

To ga shi wata guda kina juya takardun makarantu biyu, kina neman inda za ki yi difilomar shekara biyu ta ilimin maganin tsirrai da ƙaho. Ɗaya tana nan garinmu, tafiyar ƙafa daga teburin kifina. Ɗayar tana can Agadir, awa goma sha huɗu a bas. Sai kika ce ni in ba ki shawara. Ni? Ina aka taɓa ba kura ajiyar nama?

Bari in tona wa kaina asiri. Kin san ɗalibai kan yi wa mutane ƙaho kyauta a ranakun sunna. Ran sha bakwai ga wata na kai bayana makarantar garinmu, na shirya in yaba ko da fatata za su feɗe. Ɗalibin da aka haɗa ni da shi bai tambaye ni ko sunana ba. Ya kafa kofunan ƙahon, wayarsa ta yi ƙara, ya manta da ni kamar tukunya a kan wuta. Na fito bayana duk bororo.

Ran ashirin da ɗaya na sauka Agadir na nufi ɗaya makarantar, ina addu'ar su fi waɗancan muni. Wani dattijon malami ya auna jinina, ya tambayi abin da na ci, ya ce in cire riga. Da ya ga aikin, ya tara ɗalibansa suka kewaye ni, na zama darasi. Ya ce ba mai taɓa ni da aska sai na warke, ya tambaya ko hankalina ɗaya da zan nemi ƙaho biyu cikin kwana huɗu. Ya sa aka wanke ciwon, aka shafa zuma, aka sallamo ni da faɗa.

Kaico, farin watana! Na tafi neman hujjar riƙe ki, na dawo da hujjar raka ki tasha. Ina tsoron shekara biyun nan, ba zan ɓoye miki ba. Wa zai riƙa wucewa ta gaban teburina yana toshe hanci da gangan? Amma hannunki ya fi ƙarfin a koya masa ganganci saboda son zuciyata.

Ki tafi Agadir. Ki koyi maganin kowace cuta da ke cikin littattafansu. Ɗaya kawai nake roƙo: in dattijon nan ya san maganin kewa, ranar da zai koyar da shi ki yi fashi.

Naki har teku ya ƙafe,
Ilyas