Alƙalamin da Baba Ya Ce In Jefar

Daren Laraba, cikin Sha'aban

Ban faɗa wa kowa ba, amma alƙalamin tawadar da Baba ya ce in jefar, yana wurina. Tun da ya faɗi bakinsa ya lanƙwashe sama, ya fi mini daɗi. In na kwantar da shi sai ya ja layi mai kauri kamar alƙalamin kara, in na tsayar da shi kuma siriri kamar zare. Da shi nake zanen hula a bayan tsohon littafina na firamare.

Yau Yaya Sani ya kama ni a soro.

"Ke Bilki, zane aikin maza ne. Gobe ki kawo in miƙe bakin da filaya, in riƙa zuwa ofis da shi."

Na sunkuyar da kai kamar kullum, har yanzu haushin kaina nake ji. In ya miƙe shi ya kashe mini shi. Ba ga biro nan cike da aljihunsa ba?

Na gwada faɗin "a'a" sau uku a ɗaki, muryata na rawa. Ko tana rawa gobe zan faɗa masa, kuma ina kallon idonsa.