Atishawar Mai Duba Makarantu

Malam, ka taimake ni, na yi wasan da ya fi ƙarfina. Ni karatun allo kawai na yi, kuma duk ƙauyenmu an san ni da tsokana. Ni ne mai kukan akuya a bayan masallaci in liman ya ja sura.

Ƙanwata Fadima kurma ce, shekararta tara. Bara aka turo Malama Sakinatu firamarenmu tana koyar da kurame bakwai da maganar hannu. Yanzu Fadima har sunanta take rubutawa, a jikin rumbu, a ƙyauren ɗaki, har a bayan allona.

Ranar Talata mai duba makarantu ya zo. Abokina Nababa ya ce ba zan iya zama cikin kuramen nan ba a gane ni ba. Ni kuwa ƙaramin jiki gare ni, kuma na iya maganar hannu saboda Fadima. Malama na fita tarbar baƙo na shige na zauna can baya. Da suka shigo ta gan ni, amma ba halin ta kore ni a gabansa. Yana cikin rubutu sai ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi. Malam, abin da aka dake ni a kansa tun ina ƙarami ne, ban san sanda na ce yarhamukallahu ba.

Ko murmushi bai yi ba. Ya gaya wa hedimasta ana cusa masu ji don aji ya cika, kuma a wannan matsin da ake rage malamai, zai rubuta a mayar da Malama birni. Babanmu ya daina amsa gaisuwata. Nababa ya ce dama mutumin dalili yake nema. Fadima ba ta san komai ba. Yaya zan yi?

Mai Tsokana, daga arewacin Kano.

Ɗana Mai Tsokana, na yi dariya, sannan na daina. Kada ka fake da zancen Nababa. Mutumin nan aikinsa ya yi: ya ji kurma ya amsa atishawa, dole ya yi zargi. Amma kuma ba daidai ba ne a raba yara bakwai da malamarsu saboda rashin jin yaro ɗaya, karatun nan haƙƙinsu ne.

Fara da Malama Sakinatu, ka ba ta haƙuri, amanarta ka taɓa. Sannan ka roƙi hedimasta da babanku da iyayen sauran yaran ku je ofishin ilimi a makon nan, kafin a zartar da rahoton. Ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ba raha a ciki. Iyayen su kai takarda da sunayen yaran, su nemi a dawo a gwada kowanne.

Ba zan ce maka lallai za a bar ta ba. Don haka ka gaya wa Fadima da hannunka yau, kada ta ji a wurin wani. Allah ya bar musu malamarsu, ya shirye ka.